Jar Fatar da Baba Ya Jeme wa Jirgi

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In zai yi mini magana sai ya nemi wanda ke kusa ya ce, “Ku faɗa ma wancan shi ɗebo ruwa,” ko da kuwa ina tsaye a gabansa inuwata na taɓa ƙafarsa. Yaran yanzu in na ba su wannan labari sai su ce ai ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, kuma duk ɗan fari na zamaninmu a Tambuwal haka ya tashi. Abin da ya dame ni daban ne.

Baba majemi ne, ubansa ma majemi. Jar fatar akuyar da ta fito daga hannunsa, dukawa kan yi rububinta tun ba ta gama shan iska ba. Ni kuwa Allah bai haɗa jinina da jima ba. Warin ruwan toka da na kashin tantabarar da ake jiƙa fata a ciki su suka kore ni ina da shekara goma sha bakwai. Na bi motar gyaɗa zuwa Sakkwato, na yi karen mota, na shiga gareji, daga nan ƙafa ta ja ni Kano, inda wani tsohon makaniki a filin jirgi ya ga hannuna ba ya rawa, ya ce in zauna in koya. Duk salla ina zuwa gida, in durƙusa in gai da Baba, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Wata shekara wani abokinsa ya yi masa barka, ya ce ai ɗanka yanzu jirgin sama yake gyarawa. Baba ya ce, “Wanga shafe-shafen baƙin mai shi na sana’a? Allah shi kyauta.” Maganar nan ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru. Ban taɓa neman ya kira sunana ba. So nake kawai wata rana ya yarda cewa abin da nake yi aiki ne.

Kakar farko bayan an samu mulkin kai, janbaki ya sauko ƙasarmu. Wanda bai san tsuntsun nan ba zai raina shi, don bai fi loma ɗaya ba. Amma in suka taso daga fadama da safe sai rana ta dusashe, in kuwa suka sauka a gonar dawa, kafin ka je gida ka dawo sun bar maka kara. Ma’aikatan gona suka ce a kai jirgin feshi wajen Tambuwal, da yake kuma an san ni ɗan can ne, aka haɗa ni da shi. Hakimi ya sa aka share wani fako a bayan gari, aka cire kututture, aka cike ramukan gafiya, aka kafa mana rumfa biyu, ɗaya ta mutane, ɗaya ta gangunan fetur.

Jirgin ƙarami ne, tsoho, tun na zamanin yaƙi, mai farfela ɗaya da kujera biyu. Jikinsa ma ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ja aka shafe da fenti. Matuƙinsa wani dogon Bature ne mai furfura, marar yawan magana, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Ranar da muka sauka, gari kaf ya fito, har matan da ba su fita sai da suka leƙo ta kan katanga. Na yi ta raba ido cikin taron. Baba bai zo ba, yana majema.

Aikina na farko kullum, da an idar da sallar asuba gari ya yi haske, shi ne famfunan mai. Injin yana da su biyu manne a gefensa, kowanne bai fi dunƙulen hannu ba. Su ke zuƙo fetur daga tanki su tura wa inji, an kuma yi su biyu ne don in ɗaya ya gaza ɗaya ya riƙe. A saman kowanne akwai murfi, ƙarƙashin murfin akwai ’yar rariya ta waya mai ƙananan idanu, can ciki kuma akwai wani faifan roba da ke bugawa sama da ƙasa, shi ne mai zuƙowar. Sai in yanke wayar da ta ɗaure murfin, in kwance, in zaro rariyar in wanke ta cikin fetur mai tsabta, in hura, in ɗaga ta saitin rana in duba ido-ido. In tsiyayi mai daga gindin tanki cikin kwalba, in jira in ga ko ruwa zai kwanta a ƙasa. In shafa ƙarƙashin famfon da yatsa in sansana, don in robar ta fara tsagewa ta nan take fara yoyo. Sa’annan in mayar da komai in ɗaure da sabuwar waya. Tsohon da ya koya mini aiki yakan ce mota in ta shaƙe sai ta tsaya a gefen hanya, jirgi kuwa ba shi da gefen hanya. Ina son wannan aiki na safe ƙwarai, lokacin ƙarfe na da sanyi, ba kowa sai ni da zakarun gari.

Akwai kuma maganar tace mai. Fetur ɗin da ake kawo mana cikin ganguna, bayan ya sha damina a hanya, ba ya rasa ruwa da tsatsa. Don haka ba a zuba shi a jirgi sai ta cikin mazurari da aka shimfiɗa wa wata fata ta musamman, fara-fara mai laushi, da ake kawowa daga Turai. Fetur ya wuce, ruwa da datti su tsaya. Guda ɗaya gare mu, ta tsufa tukuf, kullum ina lallaɓa ta. Ranar da aka gano inda tsuntsayen ke kwana, a wata fadama kusa da Kebbe, ranar ta zaɓa ta yage biyu a hannuna. Tanki kusan wayam. Baturen ya rubuta takarda ya ba direban wata mota mai zuwa Sakkwato, ya ce kwana uku ko huɗu za a kawo wata.

Muna cikin wannan sai ga Gwaggo a kan jaki. Ƙanwar Baba ce, aure ya kai ta Kebbe, mijinta ya rasu ya bar ta da gona, ita ke fama da ita. Mace ce mai baki, ba ta tsoron kowa, kuma ita kaɗai ke gaya wa Baba magana yadda ta zo mata. Ko gida ba ta shiga ba, kai tsaye fakon ta nufo. Ta kwance bakin zane ta zube mini zangarniyar dawa uku a gaba, ko ƙwaya babu a jiki.

“Kai ɗan nan,” ta ce, “wanga tsuntsun naku na ado na? Kwana nawa kuna nan kuna goge shi kamar kwanon amarya, can ana cinye mu da ranmu?”

Na gaishe ta, na yi mata bayani, na nuna mata fatar da ta yage.

“Fata? Don fata kunka zauna? Ɗan majemi, jikan majemi, shina zaune shina jiran fata daga Sakkwato har kwana fuɗu? Kai, kunya ba ta kashe ka ba?”

Kafin in buɗe baki ta fizge ɓari ɗaya, ta cusa a zane, ta kaɗa jakinta cikin gari. Na yi dariya, na ɗauka faɗan Gwaggo ne irin na kullum.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Baturen ya tafi Kebbe da motar jif don ya sake duba fadamar, ya kuma gargaɗi Fulani su janye shanunsu kafin feshi. Ina ƙarƙashin fiffike ina goge kayan aiki sai na hango taro daga bakin gari. Gwaggo a gaba, bayanta Baba, cikin babbar rigarsa ta Juma’a, alhali ranar Talata ce. Bayansa majema, da dukawa, da maƙwabta, da waɗanda ke bin kowane taro ko ba su san inda za a je ba. Na miƙe tsaye, na sake durƙusawa, na rasa wanda ya dace.

Baba ya tsaya nesa kaɗan da jirgin, ya dube shi daga hanci har wutsiya, yadda yake duban akuya a kasuwa. Sa’annan ya zaro wani ƙunshi daga hammata ya miƙa wa Gwaggo.

“Ba shi. Ki ce mai in ta yi kaɗan akwai wata.”

Na buɗe. Wallahi ban taɓa ganin fata mai kyan wannan ba, har yau kuwa. Daga baya Gwaggo ta gaya mini yadda aka yi. Ya ajiye aikin mutane kwana biyu, ya zaɓi mafi kyau cikin fatun da ya jeme, ya kankare fuskarta har ta yi shara-shara kamar wadda ta yage, ya murje ta da man gyaɗa har ta yi laushi. Da ya gama sai ya ga ba zai iya fitar da fata fara fat daga hannunsa a gaban jama’a ba, sai a ce bai ƙarasa aiki ba. Ya rine ta da karan dafi, ta yi ja wur.

Ina taɓa ta na san ba za ta yi ba. Babban yatsana ya yi ja. Maiƙo ya kama mini tafi. Wajen da aka kankare yana sakin wani gari-gari mai laushi. Fetur kuwa ba ya barin maiƙo ko rini a jikin abu, wanke su yake ya tafi da su. Maganar gajera ce: Baba, ba za ta yi ba. To amma ta ina zan fara? Mutumin da shekara goma sha huɗu bai taɓa tambayar me nake yi ba, yau ya sa rigar Juma’a ya tako da ƙafarsa, ga abokan sana’arsa, ga masu jiran su ga ya kunyata. Na ɗaga kai na dubi Gwaggo, ita kuma ta zare mini ido. Na ji bakina ya ce, “Madalla, Allah ya saka da alheri.”

Na shimfiɗa ta a mazurari, na hau kan jirgin, lebura biyu suka kama famfon hannu na kan ganga suna bugawa. Fetur ya taru a kan jar fatar, ya yi jim, sa’annan ya fara wucewa. Taro ya ɗauki sowa. Baba ya matso har gindin fiffike, ya ɗaga kai yana kallo, ya ce wa na kusa da shi, “Ashe aikin nasu ba shi yi sai da mu.” Aka yi dariya, shi ma ya yi, har na ga wushiryarsa. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Da suka watse na tsiyayi mai a kwalba na ga ya yi ja-ja, sai na ce wa kaina ai man jirgin dama yana da ɗan ja. Na ce kuma ko wani abu ya wuce, rariyar famfo za ta tare. Mai son abu ba ya rasa hujja.

Baturen ya dawo da azahar, ya ga tanki cike, ya ce ina na samu fata. Na ce a gari. Ya ce, “Ka yarda da ita?” Na ce na yarda. Ya ce, “To, in ka yarda na yarda,” ya shiga rumfa ya kwanta. Ko cewa in nuna masa bai yi ba, don shekara uku muna tare bai taɓa kama ni da sakaci ba.

Feshin janbaki dab da faɗuwar rana ake yinsa, lokacin da suka taru a makwancinsu. Da la’asar sakaliya fakon ya cika fiye da ranar da muka sauka, don labari ya zaga cewa da fatar Tambuwal jirgi zai tashi. Baba na sahun gaba, an kawo masa buzu. Na murɗa farfela, inji ya kama. Na koma gefe na riƙe igiyar weji, katakon da ke tare ƙafafun jirgin. Baturen ya ƙara wuta, ƙara ta cika wurin, riguna suna kaɗawa. A cikin wannan ƙara na ji injin ya yi tari guda, ɗan ƙarami, ya ci gaba lafiya lau. Ba wanda ya ji. Baturen ma duban agogunansa kawai ya yi, ya kaɗa kai, ya yi mini hannu in zare weji.

Ban zare ba. Na dubi ƙarshen fakon, inda wasu itatuwan gawo suka yi layi, nan ne jirgi ke buƙatar duk ƙarfinsa kafin ya haye. Na dubi Baba a kan buzunsa. Baturen ya sake yi mini hannu, wannan karon da fushi. Na saki igiyar, na ja yatsa a maƙogwarona, alamar ya kashe inji.

Ya kashe. Muryar Gwaggo ce ta fara fitowa: “Mi kuma?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe murfin inji a gaban kowa, na yanke waya, na kwance famfo na farko. Rariyar ta toshe da wani jan abu mai danƙo kamar dusar da aka kwaɓa da manja, idanu kaɗan ne suka saura a buɗe. Na buɗe na biyu, shi ma haka. Baturen ya sauko, ya karɓi rariyar, ya juya ta, ya dubi itatuwan gawon, ya dube ni.

“Ka sani tun da safe?”

“Na sani.”

Ya mayar mini da ita ya wuce rumfa. Da ya kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi.

Baba ya miƙa hannu wajen Gwaggo, ta karɓa daga hannuna ta ba shi. Ya murza jan abin tsakanin yatsu, ya kai hanci. Ba a gaya wa majemi rininsa. Ya mayar mata, ya tattara rigarsa, ya miƙe, mutane suka dare masa ya wuce shi kaɗai. Na ga wani baduku yana dariya cikin hannun riga, kuma har ya mutu ban sake sayen takalmi a wurinsa ba. Jim kaɗan janbaki suka bi ta kanmu, baƙi ƙirin, sun nufi Kebbe da cikinsu cike. Gwaggo ta zauna a ƙasa ta yi kuka, kukan gaske, ba na faɗa ba. Na tsaya da sufana a hannu na san abin da na yi. Kunyar da na guje masa a gaban mutum talatin, na ja masa ita a gaban gari duka. Na tabbata a raina ba zai sake kallon inda nake ba.

Ban iya zuwa gida ba, a rumfa na kwana. Da safe na fito da kayan aiki, don sai an zubar da man tanki kaf, a wanke shi, a kwance tiyo ɗaya-ɗaya, a wargaza famfunan da kafireta, mai haɗa wa inji fetur da iska. Ina zagayowa na tarar da Baba tsaye a gindin fiffike, cikin warkinsa na aiki, da tabarma a hammata da wani farin faranti daga jeren mahaifiyata. Gwaggo na bayansa, idanu a kumbure. Na zube ƙasa.

“Tambaye shi,” in ji Baba, “ya san ba ta yi tun sa’ad da anka ba shi?”

Gwaggo ta juyo gare ni. “Ka jiya.”

“Na sani, Baba.”

“Mi yah hana shi faɗi?”

“Kunya, Baba. Ga mutane, ga shi ka taho da kanka.”

Ban taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba. Gemunsa har rawa yake, amma duk da haka Gwaggo yake kallo.

“Faɗa mai kunya ta cikin gida ta. Ni da nika jima, in fata tar ruɓe, ko ta hakimi ta, ce mai nika yi ta ruɓe. Da Baturen ga ya faɗo fa? Wanda anka ba amanar rai, ba shi da uba sai ya ƙare aiki. Amma tsai da jirgin da yay yi jiya gaban kowa, wannan ya yi daidai.”

“Shi ya yi daidai, kai ka yi daidai,” in ji Gwaggo, “dawata ta ba ta yi daidai ba.”

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya zauna, ya ɗora farantin a cinya. “Shi aza ƙananan ƙarafan nan ciki, kada su ɓace cikin rairai.”

Ko sa’a biyu ba a yi ba sai ga motar Sakkwato da sabuwar fata. Da na yi haƙurin kwana ɗaya, da jirgi ya tashi a ranar. Baba ya nemi a ba shi ita, ya ja, ya sansana, ya yamutsa fuska. “Tunkiya ta, kuma da man kifi anka jeme ta. Tir. To, in ita jirgi shika so, a ba shi.” Baturen ya ce gaskiya ne, haka ake yinta, ya dubi tsohon da mamaki. Ya shiga ya ɗauko masa kujerarsa, Baba ya ƙi hawa, sai Baturen ya tuɓe riga ya kama mini wankin tanki. Ni kam bai ce mini komai ba sai abin da ya shafi aiki, kuma na san haƙƙinsa ne.

Kwana uku muka yi. Kullum da sassafe Baba na nan da farantinsa. In na kwance sukurori da ’yan sifirin da bawul-bawul ƙanana kamar ƙwayar wake, sai in aza a farantin, shi kuma ya jera su daidai yadda suka fito, don in na zo mayarwa in bi layi. Ban koya masa wannan ba. In iska ta taso sai ya rufe da gefen tabarma. Ba ma magana, sai dai in na miƙa hannu in ji abin da nake nema ya shigo tafina.

Rana ta biyu na ciro faifan robar famfo ɗaya, na wanke, na ɗaga wa rana, na ga lafiyarsa ƙalau, na aza a faranti. Baba ya ɗauka, ya bi shi da babban yatsa a hankali, ya lanƙwasa shi kusa da kunne yadda yake wa fata, sa’annan ya juya wajen Gwaggo da ke zaune a gefe.

“Ki ce mai wagga robar ta mutu.”

Raina ya ɗan sosu, na ce a zuci tsohon nan bai daddara ba. Amma na karɓa na lanƙwasa ta inda ya lanƙwasa. Ga tsaga nan siririya kusa da tsakiya, ido ba ya ganinta sai an tanƙwara. Ba ruwanta da jar fata, tsufa ne kawai, kuma da na mayar da ita da ta fashe wata rana a sama. Ina da sabuwa a akwati, na sa. Na nuna wa Baturen tsohuwar, na gaya masa wanda ya gano. Ya je gaban Baba ya cire hula.

Ranar ce kuma wani abokin aikinsa ya zo daga majema, ya ce fatun da ke cikin ruwan bagaruwa za su wuce lokaci, ya kamata ya zo ya duba. Baba ko ɗaga kai bai yi ba.

“Juya su kai. Ba ka gani mai sana’a shina aiki ina riƙe mai?”

Ina ƙarƙashin inji a lokacin. Na daɗe a can ina ɗaure noti ɗaya wanda tuni ya ɗauru, don ba na son a ga idona.

Yammacin rana ta uku muka tace sabon mai, na duba rariyoyin sau biyu, inji ya yi gudu ba tari. Na zare weji. Jirgin ya haye gawon nan da sauran fili, ya karkata ya nufi Kebbe, ya dawo kafin duhu. An kashe janbaki da yawa, amma kwana biyun da na ba su kyauta ba su dawo ba. Abin da Gwaggo ta girbe a shekarar bai cika mata rumbu ba, Baba da ni muka riƙa aika mata da hatsi har wata kaka. Ba ta taɓa bari na manta ba. Har ta bar duniya, duk ranar da na je Kebbe sai ta kawo mini malmala ɗaya ’yar ƙarama ta ce sauran na wurin tsuntsayena.

A wannan yammacin dai, bayan na sa wa jirgi weji na rufe masa inji, na bi Baba da Gwaggo gida a baya-baya. Muka yi magariba. Na nufi inda na saba zama can ƙarshen zaure, sai na ji Baba yana ce wa Gwaggo, “Faɗa mai shi wanke hannu da toka shi matso. Akushi guda za a kawo.”

Shekarata talatin da ɗaya, ban taɓa sa hannu a akushi ɗaya da shi ba. Na zauna a gabansa kaina a ƙasa, ina yankar tuwo daga gefe-gefe kamar baƙo. Tsoka ɗaya ce a cikin miyar. Ya turo ta gabana da yatsa, na mayar masa. Ya sake turowa, wannan karon bai ɗauke yatsan ba sai da na ɗauka.